Kwalliyar Amarya Idan Biki Ya Yi Nesa da Gida

Jawabi ga dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, Birnin Kebbi



Wani zai ce me ya haɗa fasto da kwalliyar amarya? Abin da na gani da idona ne. An taɓa gayyata ta ɗaurin aure a Argungu. Amarya 'yarmu ce ta nan Birnin Kebbi. Sauran kwana uku biki aka kai ta can, wata mai zane da ba wanda ya san ta ta yi mata baƙin lalle. Ranar Asabar muka zauna a majami'a tun ƙarfe goma, amarya ba ta shigo ba sai ɗaya ta wuce. Hannayenta sun kumbura, sun yi bororo, har zobe ya ƙi shiga yatsa.

Yawancinmu a nan zaman aiki muke yi. Idan aure ya tashi, sai a kwashi biki a kai Zuru, Yauri, Kaduna ko Jos, musamman a watan Disamba. A da gwaggo da inna ke gyara amarya a tsakar gida, sun san kowane abu da aka shafa mata. Yau kuwa baƙuwar hannu ce ke yi, cikin gaggawa, a garin da uwa ba ta san kowa ba.

Ado ba zunubi ba ne. Littafin Farawa sura 24 ya nuna an ba Rifkatu zobe da mundaye kafin ta yi doguwar tafiya zuwa gidan Ishaku. Littafin Esta sura 2 ya nuna gyaran jikin 'yan mata a fadar Shushan wata 12 ne, shida da man mur, shida da kayan ƙanshi. Ku lura, ba a yi shi dare ɗaya ba.

Ga abubuwa uku da nake roƙo ku sa wa ido.

Na farko, lalle. Lallen gargajiya ja yake kamawa, sai an ɗauki sa'o'i kuma. Wanda ke yin baƙi ƙirin nan da nan, sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rina gashi da ake kira PPD. Yakan ƙona fata, ƙunar kuma ba ta fitowa sai bayan kwanaki, wato daidai ranar biki.

Na biyu, man bilicin. Wasu ana zuba musu sinadarai masu sa fata ta yi siriri, wasu kuma masu lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Dilka da halawa da turaren wuta sun isa su gyara fata ba tare da an sāke mata launi ba.

Na uku, kwalli. Wanda ake niƙawa daga dutse yakan ƙunshi dalma. Ba mu manta da yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. A 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da ya sami wannan guba ta hanyar kwallin da aka kai daga Nijeriya.

Saboda haka, a gama gyaran jiki a gida, mako biyu kafin tafiya. Kada a gwada sabon mai ko sabuwar hoda a makon biki. A zaɓi uwa ɗaya daga zumuntar mata ta raka amarya, ta tsaya a kanta. A tuna da yanayi: zafin Maris da Afrilu a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, hoda mai kauri narkewa take yi, hunturu kuma yana fasa leɓe da fata. A yi ciniki da mai kwalliya tun daga gida, har da kuɗin motarta da masauki, don kada sabon gida ya fara da bashi.

Dattawa, ku ma da naku. Lokacin da kuke yi wa masu shirin aure gargaɗi, ku tambayi waɗannan abubuwa, ku kuma rubuta wa ikkilisiyar da za ta karɓi bikin tun da wuri.

'Ya'yana mata, ku je gida ku karanta 1 Bitrus sura 3. Lalle mako biyu ko uku yake yi ya goge, hali kuwa da shi za a zauna. Ubangiji ya kai kowace amarya ɗakinta lafiya. Amin.