Kwaɗon Cibiyar Linux a Hannun Harshen Rust



Maganar da za a yi a wannan zama ta shafi wani kwaɗo ne da ke cikin kwamfuta, wanda masana ke kira mutex. Kowace kwamfuta tana da cibiya, watau shirin nan da ke raba wa sauran shirye-shirye lokaci da ma'ajiya, yana kuma tsare ƙofar kowace na'ura. Cibiyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan cikin 1991, kuma ita ce ke cikin wayoyin Android.

A cikin cibiya ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda. Alal misali, a ce ayyuka biyu suna son ƙara ɗaya a kan wani adadi da ke ajiye, adadin kuwa 7 ne. Na farko ya karanta 7, kafin ya rubuta 8 sai na biyu ma ya karanta 7, shi ma ya rubuta 8. An yi ƙari sau biyu, amma ɗaya ya salwanta. Wannan shi ne rige-rige, kuma ba abin wasa ba ne. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, har wasu suka mutu, kuma rige-rige na cikin dalilan. Haka nan a 2016 aka gano ɓarakar nan ta Dirty COW a cikin Linux, bayan ta yi wajen shekara tara tana ɓoye.

Tun 1965 Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya shimfiɗa hanyar magance wannan: kafin aiki ya taɓa kayan tarayya sai ya riƙe kwaɗo, wanda ya zo ya tarar an riƙe kuwa sai ya jira. Kwaɗon mutex na Linux, wanda Ingo Molnar ya shigar a 2006, yana sa mai jiran ya yi barci har a tashe shi.

To, ina matsalar take? An rubuta Linux da harshen C, kuma a harshen C kwaɗo daban, kayan da yake tsarewa daban. Abin da ke haɗa su shi ne ɗan bayani da marubucin shirin ya bari, cewa kada a taɓa kaza sai an riƙe kaza. Tafinta, watau shirin da ke mai da rubutun mutum zuwa yaren na'ura, ba ya karanta wannan bayani. Kamar a zuba hatsi a fili ne, a rataye kwaɗo a jikin bishiya, a dogara ga kunyar masu wucewa. Mutum yakan manta ya kulle, yakan kuma manta ya buɗe, musamman idan aikin ya ci karo da kuskure ya fita ta wata hanya.

Harshen Rust, wanda Graydon Hoare ya ƙirƙiro, kamfanin Mozilla ya rena, ya fito a cikakkiyar siffarsa a 2015. An karɓe shi cikin Linux 6.1 a Disamba 2022, ƙarƙashin jagorancin Miguel Ojeda, kwaɗonsa kuma ya shiga a 2023. Ba sabon kwaɗo aka ƙera ba. Tsohon nan ne na C aka yi wa kube. Sai dai yanzu hatsin yana cikin rumbu. Ba wata hanyar kaiwa ga kayan sai an nemi kwaɗon, idan an samu sai a ba mai nema wani abu da za a iya kira ɗan gadi, ta hannunsa kaɗai ake karantawa da rubutawa. Da zarar aikin ɗan gadi ya ƙare, ko ta wace hanya aka fita, kwaɗon ya buɗe da kansa. Wanda ya yi ƙoƙarin ɓoye adireshin kayan don ya yi amfani da shi bayan tafiyar ɗan gadi, tafinta zai ƙi fassara shirinsa. Har ila yau, dokar Linux ce cewa aikin da ya kulle shi ne zai buɗe, saboda haka aka hana miƙa ɗan gadi ga wani aikin.

Wurin da aka sha wuya shi ne wajen zama. Kwaɗon C yana ɗauke da jerin masu jira, kuma sa'ad da ba kowa a jerin, kansa yana nuna adireshin kansa ne. Rust kuwa ya saba ɗaukar abu daga wannan wuri zuwa wancan ta hanyar kwafe shi. Idan aka yi wa kwaɗon haka, sai ya koma sabon gida alhali yana nuna tsohon, wanda watakila an riga an ba wani. Dole aka kafe shi wuri guda tun daga haihuwarsa, aka kuma gina shi a daidai inda zai zauna. Benno Lossin ne ya tsara dabarar yin haka ba tare da kowane marubuci ya shiga hatsari ba.

Amma fa kada a ɗauka an gama. Idan aiki ɗaya ya riƙe kwaɗon farko yana jiran na biyu, wani kuma ya riƙe na biyu yana jiran na farko, sai su yi cirko-cirko har abada, kuma Rust ba ya ganin laifin wannan, don ba a taɓa ma'ajiyar kowa ba. A nan har yanzu ana dogara ne ga lockdep, shirin da tun 2006 yake lura da jerin yadda ake riƙe kwaɗuna a lokacin gwaji. Sa'an nan akwai wani kwaɗon da mai jiransa ba ya barci, a tsaye yake yana ta dubawa. Wanda ke riƙe da irin wannan, ko yake amsa kiran gaggawa na wata na'ura, haramun ne ya nemi mutex, domin idan ya yi barci yana iya tsai da kwamfutar ɗungum. Tafintan Rust bai san wannan doka ba, shi ya sa Gary Guo ya rubuta wani mai bincike daban, klint, don ya riƙa farautar irin wannan kuskure.

Daɗin daɗawa, kuben kansa an ɗinka shi ne da sassan da ake yi wa alamar unsafe, inda marubuci ke ce wa tafinta ya kau da kai, shi ya ɗauki alhaki. A Disamba 2025 aka ba da sanarwar ɓaraka ta farko a sashen Rust na Linux, cikin Binder na Android. Rige-rige ne a kan wani jeri, a cikin irin wannan sashe, inda aka saki kwaɗo alhali wani aikin yana iya taɓa jerin.

Shugaba, a nan laccar ta tsaya, sai a ba masu tambaya dama.