Tantanin Huhu da Cututtukan da Ke Kama Shi



An umarce ni in yi bayani a kan tantanin huhu. Wannan tantani shimfiɗa biyu ne: ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya kuma ya manne a jikin haƙarƙari ta ciki. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa da bai wuce cokali biyu ba, wanda ke sa su zame wa juna duk lokacin da muka ja numfashi, kamar yadda mai ke yi wa inji.

Idan tantanin ya kumbura, mutum zai ji suka a gefen ƙirji, musamman in ya ja dogon numfashi ko ya yi tari. Shi ne yawanci muke kira ciwon haƙarƙari. Wani lokaci ruwa kan taru a tsakanin shimfiɗun biyu har ya haura lita biyu, ya danne huhu, mutum ya riƙa haki ko da yana zaune. Namoniya, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da ciwon daji duk suna kawo haka, amma a ƙasarmu tarin fuka yana sahun gaba. Idan aka bar namoniya ba magani, ruwan kan zama mugunya. Iska ma kan shiga wurin, sanadiyyar haɗarin mota ko sukan wuƙa, sai huhu ya motse.

A asibiti, likita zai saurari ƙirji, ya sa a ɗauki hoto, sannan ya zuƙo ruwan da allura a auna. In ya yi yawa ko ya zama mugunya, sai a sa roba a tsiyaye shi. Ƙaho ba ya kai wa wannan ruwa, sakiya kuwa tana iya huda tantanin ta shigar da iska da ƙwayoyin cuta. Tarin fuka yana warkewa. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus, kuma maganinta na wata 6 ne, kyauta a asibitocin gwamnati. Matsalar ita ce masu daina sha da zarar sun ji sauƙi, cutar ta dawo ta ƙi jin magani.

Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye, wato dajin tantanin huhu da ƙurar asbesto ke haddasawa. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka tabbatar da alaƙar, bayan sun ga cutar a yankunan da ake haƙar asbesto. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, kuma har yau maganinta yana da wuya. Ingila ta haramta asbesto baki ɗaya a 1999.

Makarantu da yawa na zamaninmu da asbesto aka yi musu rufi da silin. Kada hankalinmu ya tashi, domin in yana zaune lafiya bai karye ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurar na tashi ne lokacin da ake fasawa, ko yankawa da zarto, ko sharewa. Saboda haka duk ranar da ƙungiyarmu za ta gyara tsofaffin azuzuwa, ina roƙon kwamitin ayyuka ya sa a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, ma'aikata su rufe hanci da baki da abin da aka tanada don wannan aiki, kuma kada a sa ɗalibai shara ko kwasar ɓaraguzai.

A ƙarshe, duk wanda tarinsa ya wuce mako 2, ko yake jin suka a ƙirji tare da zazzaɓi, rama ko gumin dare, ya tafi asibiti. Wanda ya taɓa aikin gini ko rufi kuwa, ya faɗa wa likita, ko da an yi shekara 30.