Jawabi ga Hakimai da Magatakarda na Ƙasar Gaya da Ajingi a kan Abincin Mata da Motsa Jiki

Abin da ya tara mu yau shi ne lafiyar matan gidajenmu, watau yadda aikinsu ya ragu alhali kwanonsu bai ragu ba.

A zamanin iyayenmu mace takan tashi tun da asuba, ta yi sussuka, ta yi surfe, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta ja guga a rijiya. Tuwon dawar da ta ci da dare, kafin azahar aiki ya cinye shi. Yanzu kuwa injin niƙa ya karɓe wa dutse aikinsa, famfo ya hutar da guga, unguwar da ake zuwa da ƙafa a kan babur ake zuwa. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma sai ga taliya da farar shinkafa da soye-soye da lemon kwalba sun shigo gida.

To, abinci a jiki kamar hatsi ne a rumbu: abin da ba a ɗiba ba yana nan ajiye, ajiyar jiki kuwa kitse ne. Babban cokali guda na man gyaɗa, sai mace ta yi tafiyar kusan rabin sa'a da sauri kafin jikinta ya ƙone shi. In kitse ya taru a ciki, shi ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da wahalar haihuwa. Mutanenmu sukan ce ƙiba alamar hutu ce, har wasu mata na sayen ƙwayoyin ƙiba a kasuwa. Waɗannan ƙwayoyi kumbura jiki suke yi, suna ta da sukarin jini, kada a sha su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2020 cewa babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a a kwana biyar. A 2015 kuma ta ce ya fi kyau sukarin yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 6. Matar kulle ma tana iya cika wannan a tsakar gidanta, da daka da shara da wanki da zagaye da sauri.

Sai dai a lura, ba kowace mace za a ce wa ta rage ci ba. Matar ƙauye mai goyo, wadda take surfe da ɗiban ruwa kuma ita ce ƙarshen ci, ƙari take bukata: wake, da zogale, da ƙuli-ƙuli, da nono. A auna kwano da aiki, shi ke nan.

Ga abin da ake roƙonku. Na farko, ku tara dagatai da masu unguwa ku karanta musu wannan takarda, su kai wa magidanta, domin maigida ke yin cefane. Na biyu, a koya wa ungozomomi awon zare: a yanki zare daidai tsawon mace, a ninka shi biyu, a zagaya cikinta daidai cibiya. In bai haɗu ba, kuma ba ciki gare ta ba, kitse ya yi yawa. Na uku, mazaje su bar irin waɗannan mata su je asibitin Gaya ko ɗakin shan magani na kusa a auna jininsu, ko da ba su jin ciwo.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.