Inabin Turkiyya: Idon Sa, Mai Karce Maƙogwaro, da Irin da Ya Kusa Ɓacewa

Yau Turkiyya za mu leƙa, amma ba Istanbul da kuka saba gani a fina-finai ba. Gona za mu shiga, gonar inabi.

Na san wani zai ce, "Malam, inabi kuma? Ba dai giya za ka kawo mana ba?" Kwantar da hankalinka. Ni ba mashayi ba ne, kuma ba tallarta na zo yi ba. Za mu taɓo ta ne domin tana cikin tarihin, amma abin da ya ja hankalina daban ne: yadda iri na gargajiya yake rayuwa ko ya mutu.

Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi yawan gonakin inabi a duniya, kuma irin da ƙasar ta gada ya haura dubu. Abin mamaki, kaɗan ne ƙwarai ake mayarwa giya. Mafi yawa ci ake yi ɗanye, ko a shanya ya zama zabibi, ko a dafa ruwansa har ya yi kauri kamar maɗi, su kira shi pekmez.

Mu fara daga yamma, lardin Manisa kusa da Izmir. Nan ne gidan Sultaniye, farin inabin nan marar ƙwallo. Shi ya sa Turkiyya take sahun gaba wajen fitar da zabibi zuwa ƙasashen waje.

Sai mu nausa tsakiyar ƙasa, Kafadokiya, inda kuke ganin hotunan balan-balan a sama. Akwai farin inabi mai suna Emir, wato sarki. Manoman can sun daɗe suna sassaƙa ɗakunan tattabaru a jikin duwatsu, su kwashe kashinsu su zuba wa gona a matsayin taki. Ka ji dabara!

A arewa, wajen Tokat, akwai Narince. Wannan har ganyensa kuɗi ne, domin da shi ake naɗe shinkafa a yi abincin da suke kira sarma.

Gabas kuwa sunayen ne suka fi burge ni. A Elazig akwai Öküzgözü, ma'anarsa idon sa, saboda 'ya'yansa manya ne baƙaƙe. A Diyarbakir akwai Boğazkere, mai karce maƙogwaro, saboda tsananin baurinsa. Kun ga ai manomi ne ya raɗa waɗannan sunaye, wanda ya gani ya ɗanɗana.

To su wa ke sarrafa shi? A zamanin daular Usmaniyya, harkar giyar inabi tana hannun waɗanda ba Musulmi ba ne, musamman Girkawa da Armeniyawa. Bayan kisan gilla da korar Armeniyawa a 1915, da musayar al'umma tsakanin Turkiyya da Girka a 1923, masu wannan sana'a suka ragu sosai, gonaki da dama suka zama kufai. Daga baya aka kafa kamfanin Doluca a 1926, da Kavaklıdere a Ankara a 1929, kuma har yau suna cikin manya. Gwamnati ma ta daɗe tana riƙe da nata kamfanin, Tekel, kafin a sayar da sashen giyarsa a 2004. A 2013 kuma aka yi dokar da ta hana tallar giya, ta kuma hana shaguna sayar da ita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Yanzu ga labarin da ya sa na haɗa wannan shiri. Kusa da Ankara akwai wani gari, Kalecik, a gaɓar kogin Kizilirmak. Yana da baƙin inabinsa, Kalecik Karası. Akwai wani ƙwaro, filoksera, wanda asalinsa daga Arewacin Amurka yake, ya shigo Turai a shekarun 1860, yana cin saiwar kuranga har ta bushe. Da ya iso wannan yanki, ga kuma matasa suna barin gona suna tafiya birni, sai irin ya kusa ƙarewa kwata-kwata. Malaman aikin gona na Jami'ar Ankara ne suka bi ƙauyuka suka tattaro 'yan kurangun da suka rage, suka zaɓi masu lafiya suka yaɗa su. Maganin ƙwaron kuwa shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen gida a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Yau Kalecik Karası yana cikin sanannun inabin ƙasar.

Ku lura da abu ɗaya. Sultaniye ya rayu ne saboda masu zabibi, Narince saboda masu girki da masu matsa shi, Kalecik Karası saboda wasu sun tashi sun neme shi kafin ya ƙare. Iri ba ya tsira don yana da daɗin suna, sai idan akwai mai shuka shi da mai saye. Sauran ɗaruruwan da ba su samu kasuwa ba, da yawansu a gonar adana iri ta cibiyar bincike da ke Tekirdag kawai suke zaune, suna jiran wanda zai tuna da su.

Nan za mu dakata.