Silima ta koma aljihu



Duk wanda ya ratsa Rimaye ko Kusada da yamma zai tarar da samari sun yi cincirindo a rumfar mai cajin waya. Ba caji kaɗai ya kawo su ba. Ga kwamfuta a kan teburi, kowa na miƙa memori a tura masa fim: wannan Labarina, wancan fassarar Algaita, wani kuma tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata, mutumin Musawa, maƙwabciyarmu.

A da ba haka ake kallo ba: a 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, a kaset. Kaset ya wuce, faifai ya bi shi, shagunan haya suka rufe. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan shirin Izzar So ya nuna cewa a YouTube ma ana tara 'yan kallo mako-mako.

Talaka ya samu sauƙi, babu shakka. Matar da ke cikin gida, wadda a da ba ta isa ta je gidan kallo ba, yanzu tana tankaɗe tana kallo. To amma kuɗin turi a hannun mai turi yake tsayawa. Wanda ya ci bashi ya shirya fim sau da yawa ko sisi ba ya gani. Ga kuma TikTok, inda yaro ke neman suna da zagi.

Iyaye, kafin ku saya wa yaro data, ku karɓi wayar ku duba abin da ke ciki.