Ƙoda Da Mafitsara

Yau za mu yi magana a kan fitsari, inda yake fitowa, da abin da yake gaya mana game da lafiyarmu.

Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe rago ya san ƙoda. To, mu ma muna da ita, guda 2. Suna can ta baya, daidai ƙarshen haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagun, ƙashin baya na tsakaninsu. Siffarsu kamar ƙwayar wake, girman kowace kuwa kamar dunƙulen hannu.

Aikinsu tace jini. Mun san yadda mata ke tace gasara, su raba ta da dusa. Haka ƙoda ke raba jini da datti. Cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan 1, ido ba ya ganinsu. Ruwan da suke tacewa daga jini a kwana ɗaya ya kai lita 180, watau garwa 10. Amma ƙoda ba ta ɓarna. Kusan duk ruwan nan takan mayar da shi cikin jini. Ɗan abin da ya rage, kamar lita 1 da rabi, shi ne fitsari. Shi ke fita da datti da gishirin da ya yi wa jiki yawa.

Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya, tsawonta ya ɗara taƙi guda. Ta nan fitsari ke gangarawa zuwa mafitsara. Mafitsara jaka ce a mara, tana cin wajen rabin lita. Akwai tsoka a bakinta mai tsuke shi kamar zariya. In ta cika sai mu ji, mu kewaya, tsokar ta saki, fitsari ya fita.

To, jama'a, ku lura. Fitsarin mai lafiya garau yake, da ɗan rawaya-rawaya. In ya yi duhu kuma kaɗan, jiki na son ruwa, sai mu ƙara sha, balle da bazara.

In kuwa yaro na fitsarin jini, kada mu ce balaga ce ko zafin rana. Galibi tsargiya ce. Tsutsa ke kawo ta. Wani likita, Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tsutsar na girma cikin katantanwar kududdufi da rafi. In ta fito ta tarar da mai wanka, sai ta huda fatarsa ta shiga, ta zauna cikin jijiyoyin mafitsara tana ƙwai. Ƙwan ke huda mafitsara su fita tare da fitsari, shi ne jinin da muke gani. In yaron ya yi fitsari a ruwa, ƙwan su ƙyanƙyashe, su koma katantanwa, wani kuma ya kamu. In an daɗe ba magani, hanyar fitsari kan toshe, ƙoda ta lalace.

Saboda haka kada mu yi fitsari a kududdufi, mu hana yara iyo ciki. Wanda ya ga jini a fitsari, ko ƙafa da fuska sun kumbura, maza a kai shi asibiti. Maganin tsargiya ƙwayoyi ne, ba wuya. In mun koma gida, mu tambayi yaranmu, don yaro kan ji kunya ya ɓoye.