Mura Ce Ko Maleriya? Ido Kaɗai Ba Ya Rabewa



Hunturu ya kama, yara sai tari da zafin jiki. Uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ce maleriya ce, a ruga kyamis. To, a dakata tukuna. Akwai mura mai tsanani da likitoci ke kira infuluwenza, kuma a jikin ƙaramin yaro kamanninta ɗaya da maleriya: zazzaɓi, kasala, ƙin nono, wani sa'in har da amai. Ɗan goye kuwa ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Shi kansa likita, in da ido kawai ya duba, yakan kuskure. Ba gazawarsa ba ce, cutar ce ke shigar burtu.

Ku tuna ƙarshen 2017, da ɗalibai huɗu suka rasu a makarantar Kumasi Academy. An yi ta zargin sanƙarau. Sai da aka gwada a cibiyar Noguchi da ke Akra aka gano murar H1N1 ce. Ɗalibai ne fa masu iya bayani, ina ga jariri?

Gwajin maleriya mai sauƙi ne: ɗigon jini a yatsa, minti 20 an gama. Na infuluwenza sai an lakato majinar hanci ko maƙogwaro an aika ɗakin bincike, kuma ba kowane asibitin ƙauye ke yi ba. Saboda haka in gwaji ya nuna babu maleriya, kada a yi fushi don an hana maganinta. Kafso ma ba ya kashe ƙwayar mura. Asfirin kuwa kada a ba yaro sam. 'Yan'uwana makiyaya, maganin shanu na shanu ne, don Allah.

Abin da kowa zai iya ko a daji shi ne ƙirga numfashi. Yaro na kwance shiru, a ɗaga riga, a ƙirga na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa shekara, 50 ya yi yawa. Ɗan shekara zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya kasa shan komai, ko jijjiga, ko wuya ya sanƙare, a bar kaya da garke a hannun wani, a nufi asibiti mafi kusa ko da a wane gefen iyaka yake. Kada a jira ranar kasuwa.